Sanarwar 'Yan Albasa

A da, idan hukuma tana son talaka ya ji magana, sai ta nemi mutum mai ƙafa da murya ta ba shi takarda. Idan kuma ba ta so ya ji, sai ta kulle takardar a durowa, kowa ya san an ɓoye. Yanzu babu durowa. Komai ana ɗora shi a shafin intanet, a ce an buɗe wa jama'a, wanda ya ga dama ya duba. Shi ya sa samarin da ke zama a bencin mai shayi a Rumuokoro, nan Fatakwal, kowa da waya a hannu, suke tsokanata: "Baba, wai da gaske albashi ake biyanku don ku karanta takarda? Ai yanzu ɗan yatsa ɗaya ya gama aikin." Ba na jin haushinsu. Amma tunda sun ce aikin ɗan yatsa ne, bari in faɗa musu abin da na yi shekara talatin da ɗoriya ina yi.

Sunana Haruna, amma a nan kudu Baba Sanarwa ake kirana. Aikina shi ne kai sanarwar hukuma ga Hausawan kasuwa da na tasha da na mayanka, da yaren da suke ji. Kafin in shiga aikin na yi yawo. Na bi mahaifina fataucin shanu har Garwa da Ngaundare, inda na tsinci Fulatanci da ɗan Faransanci, sannan na yi shekara uku a Kumasi wajen kawuna mai goro. A Kamaru na ga ana sa takardar gwamnati cikin akwatin gilashi a ƙofar ofis, a kulle da kwaɗo, tsaf-tsaf, kuma ban taɓa ganin wanda ya tsaya karantawa ba. A Kumasi kuwa mai kuge ne ke zagaya unguwa yana bugawa yana faɗa, kafin azahar tsohuwar da ba ta fita ƙofar gida ma ta san abin da aka ce. Tun a lokacin na san fitar da takarda daban, isar da ita daban.

A Inugu na koyi aikin, a hannun wani Ibo mai suna Mista Okeke, wanda aka haifa a Sabon Garin Kano. Hausarsa ta fi tawa gishiri. Shi ya ɗauke ni a matsayin ɗan kwantiragi, don mu da ba 'yan asalin jiha ba ba a ba mu aikin dindindin, shekara-shekara ake sabunta mana takarda. Haka na zauna har na tsufa. Kayan aikinmu tsohuwar motar ofis ce mai lasifika biyu a ka, da batirin da sai an kai caji kullum, da tafireta, da injin gurza takarda mai baƙanta hannu har gwiwa, da bokitin sitacin rogo da burushi.

Aikina na farko sanarwar allurar shanu ce a kara, wato kasuwar shanu. Na kwana biyu ina fassara takardar kalma bayan kalma, na hau mota, na riƙe makirfo, na fara: ana sanar da ɗaukacin jama'a cewa bisa ga sashe kaza na doka kaza. Na karanta har ƙarshe ba tare da na yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Mista Okeke ya bari na gama, ya yafito wani mahauci da ke wasa wuƙa, ya ce, "Malam, don Allah me wannan ya ce?"

Mahaucin ya ɗan yi tunani, ya ce, "Wallahi kamar cewa ya yi gwamnati tana gaishe mu."

Mista Okeke bai yi dariya ba. Ya karɓi makirfo ya yi sallama, ya gaida dattawa, ya ce, "Wanda bai kawo shanunsa allura ranar Talata ba, ba za a bar shi ya yanka ranar Laraba ba. Ranar Talata, bayan hantsi, a gindin mangwaro." Ya faɗa sau uku. Nan take kara ta ɗauki surutu. A hanyar komawa ya ba ni ƙa'idoji biyu da ban taɓa saki ba. Ta farko, takardar gwamnati daga ƙasa ake fara karanta ta, domin can ƙasa ake ɓoye abin da mutum zai rasa, kuma shi ne abin da ya shafe shi. Ta biyu, sanarwa ba ta fita ba sai ka tsayar da mutum ɗaya daga cikin masu saurare ya maimaita maka ita da bakinsa. Idan ya maimaita daidai ka tafi gida. Idan ya karkata, laifinka ne, sake.

Liƙa takarda ma yana da nasa ilimin. Idan ka dama sitaci zalla, awaki za su lashe sanarwar gwamnati kafin la'asar, don haka sai ka ɗiga masa kananzir. Ba a liƙawa a bakin get, inda kowa ke sauri da kaya a ka. Wurin da mutum ke tsayawa dole ake nema: bakin famfo, wurin alwala, jikin teburin mai shayi. Ba a shela lokacin da ake sauke kaya daga tirela, ba a yi ana kiran salla, ba a yi da tsakar rana ciniki na tafiya. Bayan la'asar, hannu ya ɗan huta, shi ne lokacinka.

A Anacha na yi shekara tara, kuma a can na koyi cewa kowane kunne da ƙofarsa. Wata shekara da amai da gudawa suka ɓarke, aka tura ni Kasuwar Ochanja in faɗa wa mutane su tafasa ruwa kuma su kai mara lafiya asibiti da wuri. Sau uku nake faɗin magana ɗaya. Ibo yana son ka ba shi rana da wuri tun a jimlar farko, sannan ya yi maka musu. Bahaushe dattijo, in ba ka yi sallama ka tambayi gajiya da iyali ba, duk abin da ka faɗa bayan nan iska ce. Samarin dako da 'yan okada kuwa Turancin Buroka suke so, gajere, da ɗan wasa a ciki. Wata mata mai sayar da busasshen kifi ta daka mini tsawa, "Aboki, rage murya, kana kore mini masu saye!" Na juya na amsa mata da yarenta, na ce ai mai saye da ke kwance a asibiti ba ya sayen kifi. Ta buɗe baki, ta kira maƙwabtanta su zo su ga abin mamaki, ta ba ni kujera, ta kuma maimaita sanarwar da kanta ga layin gaba ɗaya.

A shekarun nan ne kuma na fara ganin wata dabara a wani ofis da ba zan kama sunansa ba. Idan doka ta ce dole a liƙa sanarwa amma ba a son a gani, sai a liƙa ta da yammacin Juma'a bayan an tashi, a ɗauki hotonta a jikin allo, a ɓanɓare. Hoton ya shiga fayil. Duk wanda ya zo kuka daga baya a nuna masa. Ba a taɓa ba ni irin wannan aikin ba, don an san bakina.

Shekaruna na ƙarshe a Fatakwal na yi su, a wani ofishin hukuma mai kula da kasuwanni. A nan zamani ya riske ni. Aka kawo mana sabon shugaban sashen yaɗa labarai, Oga Tamuno, matashi mai ilimi da ladabi, Baba yake ce mini. Ya sa aka ajiye motar shela, ya buɗe wa ofis shafi a dandalin sada zumunta, ni kuma aka mayar da ni tafinta a kantar ofis. Kada ku ɗauka na ƙi abin. Na ga alherinsa da idona. Mutum ya ɗauki hoton kwatar da ta toshe ya ɗora, kafin mako a zo a yashe, abin da a da sai ka rubuta takarda uku. Na ga ma'aikacin da ke karɓar na goro ya daina, don ya san kowace riga akwai waya a aljihunta. Ni ma na sayi babbar waya, na koyi tura saƙon murya, na shiga guruf-guruf na 'yan kasuwa. Abin da na ƙi shi ne a ce an ɗora, saboda haka an ji.

Mummunar shekarar ta zo mini ana saura kwanaki a yi Babbar Sallah. Ina zaune a kanta ba kowa, ina latsa shafin ofis, sai na ga hoton wata takarda a karkace, da Turanci, da ƙananan haruffa, an cusa ta tsakanin hotunan bikin ranar haihuwar wani babba da na yanke kintinkirin sabon banɗaki. Na buɗa ta da yatsu biyu, na fara daga ƙasa kamar yadda aka koya mini. An ce duk mai rumfa a layin albasa na wata kasuwa da ke ƙarƙashinmu ya zo da kansa, da takardar rumfarsa, a ɗauki hotonsa da zanen yatsansa cikin kwana goma sha huɗu. Wanda bai zo ba, an ɗauka ya bar rumfar, hukuma za ta ba wani. Na duba ranar da aka ɗora, kwana biyar sun riga sun wuce. Ranar ƙarshe kuma ita ce ranar da za a buɗe ofis bayan hutun Sallah. Mutum bakwai ne suka danna alamar sun gani, duka bakwai ɗin na san teburinsu a ofishinmu.

Wanda duk ya zauna da Hausawa a kudu ya san abin da ke faruwa a wannan makon. 'Yan albasa sukan rufe rumfa su tafi gida tun saura kwana goma, ba sa dawowa sai naman layya ya ƙare. Ban ga kowa yana raba rumfunan ba, kuma ba zan faɗi abin da ban gani ba. Amma wanda ya zaɓi waɗannan ranakun ya san kalandarmu sarai.

Na tashi na sami Oga Tamuno. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan takardar ta 'yan albasa, in fassara in kai musu?"

Ya ce, "Baba, ai an riga an wallafa. Duniya duka tana iya gani."

"Duniya tana iya gani, masu rumfunan suna Kebbi da Sakkwato. Da yawansu ba sa karanta Turanci."

"Ba ni na sa ranar ba, daga sama ta zo. Aikina in ɗora, na ɗora. Kada ka ja wa kanka, Baba, kwantiraginka saura wata biyu."

Na ce na gode da tunatarwa. Bayan azahar na zauna a barandar masallaci na ɗauki saƙon murya. Na farko ya yi tsawo, na goge. Na biyu na ji ina haki kamar mai gudu, wanda zai tsorata mutane, na goge. Na uku ya zauna: sallama, sunana, abin da za a rasa, ranar, wurin, abin da za a zo da shi. Na tura wa mutum biyu. Ɗaya Alhaji Garba, sarkin albasa na kasuwar, wanda ya riga ya tafi gida Kebbi. Ɗaya Hajiya Talatu, mai sayar da abinci a bakin layin, haifaffiyar Fatakwal, wadda ba ta zuwa ko'ina da Sallah kuma bakinta ya fi lasifika. Hajiya ce ta watsa a guruf.

Ku da kuke cewa aikin ɗan yatsa ne, ku saurari abin da ya biyo baya. Washegari da hantsi saƙon ya dawo wayata, amma ba da muryata ba. Wani ne da ban sani ba yake ihu yana cewa Baba Sanarwa ya tona asiri, za a rushe kasuwa, za a kori Hausawa kafin Sallah. Har da hoton wata kasuwa tana cin wuta, wadda ko a ƙasar nan ba na jin take. Kafin in gama saurare Hajiya Talatu ta kira.

"Malam Haruna, ina kwana? To ka zo ka ga abin da muryarka ta haifa. 'Yan baro rabi suna ɗaure kaya, rabi suna neman sanduna. Matan Ibo na layin manja sun rufe shago."

"Hajiya, ni ba haka na ce ba."

"Ni kake faɗa wa? Su za ka zo ka faɗa wa, kafin wani ya jefi wani."

Na fita ofis ba izini, na hau keke napep. Na tarar da samari kusan hamsin sun taru a bakin layin, ido ja. Ba mota, ba makirfo. Akwai wani mai maganin gargajiya a gefe da lasifikar hannu, na ce ya ara mini. Na hau kan buhu, na danna, sai kawai lasifikar ta kama shelar da ke cikinta da ƙarfi: maganin basir mai tsiro da mara tsiro, sha yanzu magani yanzu. Hajiya Talatu ta ce, "To, ga sanarwar gwamnati ta iso." Wurin ya fashe da dariya, har masu sanduna. Da gangan ba zan iya shirya wannan ba, amma da ya zo ban bar shi ya wuce ba. Kafin dariyar ta kwanta na yi sallama, na ɗaga takardar da na buga, na faɗi abin da ke ciki sau uku da Hausa, na juya wajen layin manja na faɗa da yaren Ibo, na ƙara da Buroka. Sannan na nuna wani ƙato mai sanda na ce, "Kai, me na ce?"

Ya ce, "Ka ce masu rumfa su je a ɗauki hotonsu kafin ranar da za a koma aiki."

"Kana da rumfa?"

"Baro gare ni, Baba."

"To me ya haɗa ka da sanda? Ajiye ta ka nemo mini lambar ubangidanka."

Alhaji Garba kuwa ƙin yarda ya yi. Ya aiko cewa yanzu murya kowa na iya kwaikwayonta, bara ma an turo musu cewa an ƙone tireloli a hanya kuma ƙarya ce. Ban ga laifinsa ba. Na kira shi ta bidiyo, muka gaisa yadda ya kamata, na tambayi iyali da damina, ya tambayi ruwan Fatakwal, sannan na kara takardar a fuskar waya kusa da fuskata. Ya duba takardar, ya ce, "Malam Haruna, ka san abin da kake cewa? Mutane su bar iyalinsu ranar Sallah?"

Na ce, "Alhaji, su bar su Sallah ɗaya, ko su zauna da su har abada ba sana'a. Maimaita mini ranar."

Ya maimaita.

Kwana huɗu muka yi ni da Hajiya Talatu a bencinta, muna bin layin albasa rumfa-rumfa, tana faɗin mai ita, muna neman lamba. Da yawa ƙaramar waya gare su, wadda saƙon murya ba ya shiga, sai kira. Wani ka samu matarsa, wani ƙaninsa, wani sai an hau tudu a ƙauyensu kafin a ji ka. Kowanne sai ya maimaita mini kafin in kashe. Mutum ɗaya ne ya gagare mu, Malam Iro, dattijo mai rumfar ƙarshe kusa da kwata, wanda ya fi shekara ashirin a wurin. Ƙauyensu babu sabis ko kaɗan. Muka ba direban tirela saƙo, muka ba wani ɗan garinsu, muka sa a faɗa a masallacin Juma'a na garin da ke kusa da su.

Ana jajibirin Sallah aka miƙo mini takardar tuhuma. Laifi biyu: fitar da takardar hukuma ba da izini ba, da tunzura jama'a. An dakatar da ni daga kanta har sai kwamiti ya zauna.

Ranar ƙarshe na zo duk da haka. Ba a bar ni na shiga ba, sai na tsaya a wajen get da lema, ana ruwa irin na Fatakwal wanda ba ya sallama. Tun da asuba suka fara sauka daga motoci. Wasu sun yanka rago bayan idi suka kama hanya ko suya ba a fara ba, kwana da yini suna zaune a mota, ƙafa a kumbure, da kayan Sallarsu a jiki duk sun yamutse. Alhaji Garba na gaba da babbar riga. Layi ya fita get ya bi bakin titi har ya hana keke wucewa. Ma'aikatan ciki na'ura ɗaya suka tanada, don ba su zaci ganin kowa ba. Ina waje ina duba takardar kowa, ina faɗa masa teburin da zai fara zuwa da abin da za a tambaye shi. Da ƙarfe huɗu ta yi aka ce za a rufe, saura mutum kusan ashirin. Hajiya Talatu ta ɗaga wayarta sama ta ce da Buroka, yadda na ciki za su ji, tana ɗauka kai tsaye, a rufe ɗin duniya ta gani. Wayoyi suka tashi sama ko'ina. Ba a rufe ba sai da aka ɗauki na ƙarshe.

Kwamitin ya zauna bayan mako guda, mutum uku da Oga Tamuno a gefe yana kallon tebur. Shugabar, wata mata mai gilashi, ta tambaye ni wa ya ba ni izinin fitar da takardar ofis.

Na ce, "Ranki ya daɗe, wace takarda?"

Ta ɗaga ta. Na ciro wayata, na buɗe shafin ofis, na miƙa mata. Na ce, "Ga ta nan, ƙarƙashin hoton kek. Ofis ne ya fitar da ita, ni karantawa na yi."

"Wallafawa daban, yaɗawa daban. Ba a umarce ka ka yaɗa ba."

"To don wa aka wallafa? In don masu rumfa ne, na kai musu. In ba don su ba ne, a rubuta haka a fayil in sa hannu a matsayin shaida."

Na kusa da ita ya ce saƙona ya kusa jawo rikici. Na ce gaskiya ne an murɗa shi, kuma ni na je na tsaya a kan buhu na gyara, ban ga kowa daga ofis a wurin ba. Na ce da an bar ni na yi shelar tun ranar farko da sunan hukuma, da babu wanda zai sami ramin da zai zuba ƙarya. Shugabar ta ce in rubuta takardar ban haƙuri, a duba tsufana a sabunta mini kwantiragi. Na ce na yi aiki a Inugu, na yi a Anacha, na yi a nan, kuma duk wata aka biya ni don mutane su ji abin da hukuma ta ce. Ba zan ba da haƙuri don sun ji ba. Ba a sabunta ba. Na miƙa katin shaida na fito. Oga Tamuno ya biyo ni har get ya ce, "Baba, ka yi haƙuri." Na ce ya je ya ci gaba da ɗorawa, aikin kirki ne, amma ya riƙa duba wa ya gani.

Malam Iro ya dawo bayan mako uku da buhunan albasa shida, ya tarar da sabon kwaɗo a rumfarsa. Saƙo ko ɗaya bai kai gare shi ba. Alhaji Garba ya kai ƙara, aka buɗe masa shafin aka nuna masa ranar da aka ɗora takarda. Yanzu Malam Iro yana kasa albasa a kan buhu a bakin titi, idan ruwa ya sauko ya lulluɓe da leda. A lissafin sana'ata wannan sanarwar ba ta fita duka ba, saura mutum ɗaya, kuma haka nake faɗa duk inda aka yaba mini.

Sauran rumfunan suna hannun masu su. Tun daga wannan Sallar, 'yan albasa da mahauta da 'yan tasha kowace ƙungiya ta naɗa mutum biyu masu karatu da ke buɗe shafukan ofisoshi kowace safiya, su karanta duk takardar da aka ɗora, su faɗe ta da Hausa da sunansu da fuskarsu, don kada wani ya murɗa. Wasunsu sukan kawo mini in saurara kafin su tura, ina kuma mayar da su su sake in ya yi tsawo. Hukuma ba ta canza hali don ta so ba. Abin da ya canza, kuma ba zai koma ba, shi ne Hausawan kasuwar nan sun daina jiran a kawo musu sanarwa. Su suke zuwa su ɗauko ta.